Injin Alhaji Ya Ƙi Matse Kaya

Litinin, 5 ga Yuli 1976, bayan azahar

Injin wanki ya ƙi matse kaya. A nan zan rubuta, don ba ni da wanda zan gaya wa, kuma ko da akwai ba zan gaya ba.

Daga Ƙanƙara har Faskari har Sabuwa, a nuna mani gida ɗaya da ke da irinshi. Babu. Bara Alhaji ya ɗauko shi daga Kaduna a bayan motarshi ta hatsi, an naɗe shi da barguna kamar jariri. Baki biyu gare shi: ɗaya ya wanke, ɗaya ya juya kaya da gudu ya matse su har a ce sun ɗan sha iska. Ranar da ya iso matan unguwa sun cika tsakar gidan nan. Mairo ta ƙofar gabanmu har kai ta zura ciki tana tambaya wai ina hannuwan suke. Alhaji ne ke tayar da shi da kanshi duk safiyar Juma'a, ya ja igiyar injin wuta, ya naɗe hannun riga, yana yi mani bayani kamar shi ya ƙera shi. Ni nawa miƙa omo ne.

Yanzu ni ke jan igiyar. Ba wanda ya koya mani. Wankin kuma ya tashi daga na Juma'a ya koma na kullum, safe da yamma. Zannuwan gado ne. Ba zan rubuta dalili ba.

Wankewa kam yana yi tas. Amma da na mayar da kaya bakin matsewa sai ya hau gurnani, ya juya a kasalance, in ɗaga murfi in tarar da su sharkaf suna ɗiga. Ga damina ta zauna.

Alhaji yana hutawa. Abin da nake gaya wa kowa ke nan.

Talata, da hantsi

Na ɗaura igiyoyi a ɗakin baƙi na ja ƙofa. A tsakar gida ba zan shanya ba. Duk matar da ta shigo ɗibar wuta, bakinta na gaisuwa idonta na kan igiya.

Ruwan wankin ma na yi mashi dabara, kuma tun ranar farko na yi ta. Akwai tiyo a bayan injin da ruwa ke bi ya fita. Alhaji yakan miƙe shi ya nufi rariya, ruwa ya faɗa lungu. To rariyarmu ƙofar Mairo take kallo, ita kuwa tun da mijinta ya rasu a bakin ƙofar take wuni da farantin ƙuli-ƙulinta. Ruwa mai kumfa da bula da warin ditol, safe da yamma, kullum? Kafin azahar an ji a tasha. Sai na ɗaga tiyon na saƙala shi a bakin duro. Abin da ya taru in ɗiba da bokiti in kai garka bayan gida, abin da ya rage a cikin injin in kwashe da ƙwarya. Ko ɗigo bai fita lungu ba. Wannan dabarar tawa ce ni kaɗai, kuma ina alfahari da ita.

Gide direba, wanda ya kawo Alhaji gida daga hanyar Sabuwa rannan, ya rantse mani ba zai faɗa wa kowa ba. Likita a Funtuwa ya ce a yi haƙuri, a riƙa juya shi, kada a bar shi a kan danshi. Ɗanmu Sanusi yana jarrabawa a Zariya, ban aika mashi ba.

Laraba, bayan la'asar

Ruwa tun asuba. Ba abin da ya bushe.

Alhamis, da yamma

Na aika Faskari, Malam Mamuda mai gyaran injin niƙa ya zo a kan babur ɗinshi. Shi ya ɗaura mana injin wuta bara. Ya yi sallama a zaure, na tsaya bayan ƙyaure.

“Hajiya, a yi mani iso in ga wanga inji.”

“Ba shiga, Malam Mamuda.”

“Ai bara Alhaji da kanshi ya shiga da ni.”

“Bara ke nan. Yau yana hutawa, bai ba da izini ba.”

Injin a baranda yake, daidai ƙofar ɗakin Alhaji. Wanda ya tsaya wurin injin ya ga gado. Ba zan yarda ba.

Sai ya ce to mi injin yake cewa in an tada shi? Na ce gurnani. Ya ce wane iri, in kwatanta mashi. Ni Suwaibatu, na je Makka na dawo, na aurar da ɗiya biyu, ina tsaye bayan ƙyaure ina gurnani wa ƙaton banza yana cewa “ƙara, Hajiya, ban ji ba.” Allah Ya isa tsakanina da wannan inji.

Ya ce fambel ne, wato bel ɗin robar da ke juya shi, ya saki, ko shakka babu, daga ji ya gane. Ya ce in kwance bayan in danna da babban yatsa. Na ɗauko sukudireban Alhaji na kwance, na danna, ga shi nan tamau kamar fatar ganga. Na dawo na gaya mashi. Ko kunya bai ji ba ya ce ai dama ya san ba fambel ba ne, lodi ne ya yi yawa, in rage kaya, in rarraba su kada su taru gefe guda. Daga ƙarshe ya yarda bai taɓa ganin injin wanki da idonshi ba, amma wai inji duk inji ne.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Liman ya aiko a gaishe da Alhaji, wai kwana biyu ba a gan shi a sahu ba. Na ce a ce yana amsawa, gajiyar hanya ce.

Da aka kira salla ya juyo da idonshi wajen ƙofa. Na san abin da yake ji, shi da bai taɓa yarda a riga shi sahun farko ba. Na gyara mashi filo. Hannun dama bai motsa ba yau ma. Bakin ya ɗan koma, ko kuwa ni ce nake son ganin haka.

Da na tayar da injin na dawo ɗaukar zane, sai ya yi magana. Tun rannan in ban da “Allah” ban ji komai daga bakinshi ba. Ya daɗe yana kokawa da harshe, sai ya ce, “Ƙasa.”

Gabana ya faɗi. Na ce, “Haba Alhaji, wace ƙasa? Ba inda za ka. Ka daina kiran wannan abu a ɗakina.”

Ya rufe ido. Na fita baranda na yi kukana, injin na gurnani, ba wanda ya ji.

Asabar, da hantsi

Na rage kaya. Zane ɗaya tak na saka, na rarraba shi da hannu kamar yadda Mamuda ya ce. Sharkaf. Na ce ko karkata ya yi, na samo fasasshen bulo na tokare ƙafarshi. Sharkaf. Na rage omo ko kumfa ce ta shaƙe shi. Na tsince zare da gashi daga 'yar ragar da ke ciki. Na karanta mashi abin da na iya na tofa.

Da hannu nake matsewa yanzu. Tafin hannuna ya tsattsage, omo na shiga ciki kamar barkono. Duk iya matsata, zanen gado mai kauri ba ya bushewa a rufaffen ɗaki cikin damina. Ɗakin baƙi wari yake na rima.

Amma ko ɗigo bai fita lungu ba.

Lahadi, bayan magariba

Ya sake faɗa. Na yi kamar ban ji ba.

Litinin, da yamma

Mairo ta shigo. Wai wuta ta zo ɗiba, alhali ina ganin hayaƙin murhunta ta kan katanga. Na tare ta tun daga bakin zaure, na saki labulen ɗakin Alhaji kafin ta ƙaraso.

“Hajiya, kwana biyu ban ga kumfar Juma'a ba. Injin ya mutu ne?”

“Lafiyarshi lau.”

“To ai ina jin injin wuta kullum safe da yamma.”

“Fanka ce. Alhaji na son iska.”

“A cikin wanga sanyi?”

“Shi da gidanshi, Mairo.”

Ta kalli hannuna, na tura shi cikin mayafi. Na zuba mata garwashi a kasko fiye da wanda ta roƙa, na raka ta har ƙyaure don kada ta yi ɓatan hanya. Tsohuwar nan ba mugunta gare ta ba, na sani, ranar da na haifi Sanusi ita ta yanke cibi. Bakinta ne ba shi da murfi.

Mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo kasuwar hatsi, ba zan bari a riƙa ba da labarin shimfiɗarshi a bakin farantin ƙuli-ƙuli ba. In dai ina numfashi.

Talata, da asuba bayan salla

Akwai ja a ƙugun Alhaji, faɗin tafin hannu. Na shafa man kaɗanya.

Laraba, bayan azahar

Busassun zannuwa sun ƙare. Na buɗe adakata na fito da atamfofina, har wadda na sayo a Jidda ban taɓa ɗaurawa ba, na shimfiɗa mashi. Ba su daɗe ba su ma suka bi layin wanki.

Na hura gawayi a kasko a ɗakin baƙi ina gasa zane kamar mai jego. Hayaƙi ya cika mani ido, gefen ɗaya ya ƙone, tsakiyar kuma da sauran danshi. A haka na shimfiɗa, don ba wani.

“Ƙasa,” in ji shi, ina cikin juya shi.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, “Alhaji, ni nan hannuna jini yake saboda kai, kai kuma kabari kake kira? To ba za ka ba. Ka ji na gaya maka.”

Sai ya yi wani sauti ta hanci. Da a ce lafiyarshi lau ne da na ce dariya ce.

Alhamis, la'asar

Mamuda ya dawo don kanshi, wai abin ya hana shi barci. Yau kuma cewa ya yi mota ce ta cikin injin ta ƙone, ko dai in bar shi ya shiga, ko a ɗora shi a mota a kai Kaduna. A kai Kaduna in yi wanki da mene?

Har ya hau babur sai ya juyo. “Hajiya, wai ruwan yana fita kau?”

Na ce, “Yana fita inda nake son ya fita.”

Ya ce to shi ke nan, mota ce. Ya tada babur ya tafi.

Juma'a, da hantsi

Wurin nan na ƙugunshi ya fashe. Ruwa-ruwa yake yi. Da na taɓa sai ƙafarshi ta hagu ta zabura, bai yi ƙara ba.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ina jin tsoro.

Asabar, bayan azahar

Bari in rubuta wannan daidai yadda ya faru.

Na ɗage labule don iska ta shiga mashi, na tayar da inji, na mayar da zane bakin matsewa, ya fara gurnaninshi na kullum. Sai na ji ƙarar kwano a ƙasa. Na ruga. Ashe da hannun hagu ya ture kwanon kunu daga kan kujera, da gangan. Na sunkuya zan ɗauka, ya kama mani mayafi. Ya saki, ya miƙa hannun, ba ni yake nunawa ba, bayana yake nunawa, waje, wurin duro.

Gumi ya keto mashi kafin ta fito. “Ti… yo.” Ya huta. “Ƙasa.”

Na tsaya kamar an dasa ni.

Na fita na leƙa ƙarƙashin kwandon da ke juyawa, inda ban taɓa leƙawa ba. Ruwa ne fal, kwandon a cikinshi yake iyo. Bakin duro ya fi gindin injin tsawo, ruwa kuwa ba ya hawa bisa don kanshi. Abin da injin ya matso ba shi da hanyar fita, sai ya koma cikin kaya. Ba fambel ba, ba mota ba, ba aljani ba.

Ikon Allah! Mako guda da ɗoriya mutumin nan yana kwance yana gyara mani inji da kalma ɗaya da ya iya fitarwa, ni kuma ina yi mashi faɗa wai yana kiran kabari. Hankalinshi na nan. Duk yana nan, ko ƙwayar gero bai ragu ba. Na durƙusa bakin gado ina dariya ina kuka, na ce, “Alhaji, ashe kai ne makaniken!” Gefen bakinshi mai lafiya ya ɗaga.

Sai na tuna. Na ce, “To ai in na sauke shi, rariya zai bi. Mairo fa? Gari zai sani.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Su… sani.”

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Ban sauke ba.

Na gwada tara faranti a ƙasa. Kafin in juya ya cika ya malale, ya bi gangaren tsakar gida, inda Alhaji da kanshi ya sa aka gangara siminti ya nufi rariya. Da tsumma na tare shi da gudu. Gidan nan kaf an gina shi ne don ruwa ya fita ta can.

Lahadi, da hantsi

Shi ba ya jin abin da mata ke faɗa a gidan suna. Ni ke ji. Yau a ce Alhaji ba lafiya, gobe a ce an gan shi ana yi mashi kaza kamar yaro, jibi masu kawo mashi hatsi daga Tafoki da Ruwan Godiya su koma wajen wani.

Duk wahalar nan da na sha don wa na sha ta?

Na shiga juya shi, bai ce ƙasa ba. Ya kau da kai wajen bango. Zanen da ke ƙarƙashinshi da sanyi, na ji a bayan hannuna.

Ranar kasuwa, da hantsi

Na duba wurin da safe. Ya ƙara faɗi.

Na wanke hannu, na fita baranda, na cire tiyo daga bakin duro na miƙe shi a ƙasa ya nufi rariya. Kuma ranar kasuwa, lokacin da lungunmu ke cike da masu jakuna da masu tallan fura. Ban zaɓi ranar ba, amma tun da ta zo ban jira ta wuce ba.

Ruwan ya tafi shuuu, shuɗi, da kumfarshi da ditol ɗinshi. Na ji wani a waje yana cewa a janye jaki. Na murɗa maɓallin matsewa. Wayyo, ashe na manta muryarshi ta gaskiya! Ba gurnani, wani siririn kuka ne mai daɗi yana ƙara sama, baranda har rawa take. Na ɗaga murfi. Zane ya manne a jikin kwando, na ɗauko shi sakayau, na kara a kumatuna. Na shanya shi a tsakar gida, a kan igiyar da kowa ke gani, shi da 'yan'uwanshi duka. Rana ta ɗan leƙo, kafin azahar sun bushe ƙarau.

Na shimfiɗa mashi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi barcin da bai yi ba tun rannan.

Mairo ba ta kai la'asar ba. Yau ko kasko ba ta riƙo ba.

“Hajiya, na ga ruwa.”

“Kin gani daidai. Alhaji ba shi da lafiya. Ɓarin dama ne ya shanye.”

Na tsaya ina jiran abin da za ta ce, na shirya mata amsa tun safe. Ta kalli igiya, ta kalli hannuna, ta ce, “Ke dai Suwaiba akwai taurin kai. Nawa mijin shekara biyu ya yi a kwance, a rafi nake wankewa.” Ta ɗauki bakin zane ɗaya ta miƙo mani ɗayan, muka ninke. Ta nuna mani yadda ake naɗa tsumma kamar gammo a tokara, don wurin ciwon kada ya taɓa katifa.

Zuwa magariba an ji a tasha, ba shakka. Bakin nata dai yana nan yadda yake.

Alhamis, bayan la'asar

Na aika wa Sanusi. Na aika wa Mamuda cewa injin ya gyaru, Alhaji ne ya gyara shi.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Liman ya aiko yana neman izini su shigo gaisuwa, shi da dattawan kasuwar hatsi. Na tambayi Alhaji. Ya ce, “To.”

Na yi mashi wanka, na wanke ciwon, ya fara kamewa daga gefe. Na shimfiɗa farin zane, na lulluɓe shi da wani farin, duka na safiyar yau. Na jingina shi da filo, na sa turare kaɗan, ba mai yawa ba, don kada a ce ana ɓoye wani abu.

Suka shigo suka zauna a tabarma, ɗakin ya cika. Liman ya matso har bakin gado ya kama hannun hagun ya ce, “Alhaji, ya jiki?” Duk suka zuba mashi ido. Ya yi kokawarshi a gabansu duka, bai sunkuyar da kai ba, har ya ce, “Da… sauƙi.” Suka ce alhamdu lillahi a tare.

Ni ina bayan labule, na ɗan buɗe gefe. Addu'a suke, amma Allah Ya yafe mani, ni ba addu'ar nake bi ba. Hancinsu nake kallo, ɗaya bayan ɗaya, tun daga Liman har na bakin ƙofa.

Ba hancin da ya motsa.